Da A Ce Cinikin Ya Faɗa: Masu Yi Wa Jiragen Yaƙi Fentin Da Tarihi Bai Yi Musu Ba

A shekarar 1976 Sarkin Iran, Muhammad Riza Pahlawi, ya ƙulla cinikin jiragen yaƙi samfurin F-16 har guda 160 da Amurka. Ko ɗaya bai sauka Tehran ba. Juyin juya halin 1979 ya yi awon gaba da sarautar, cinikin ya wargaje, aka karkatar da wasu daga cikin jiragen zuwa Isra'ila. Da irinsu guda takwas ne Isra'ila ta kai hari kan tashar nukiliyar Osirak ta Iraƙi a watan Yunin 1981. Ke nan babu wani F-16 da ya taɓa tashi ɗauke da tambarin sojan saman Iran, da'irar nan mai kore daga waje, fari a tsakani, ja a cibiya.

A allon kwamfuta kuwa ya tashi, kuma yana kan tashi. A cikin DCS World, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin yaƙi ta kamfanin Eagle Dynamics, akwai masu zanen da suka zauna suka yi wa F-16 fentin hamada irin na jiragen F-14 na Iran, ruwan yashi da ruwan ƙasa da kore-kore, suka rangaɗa masa lambobin Farisanci, suka sake shi yana shawagi a kan mashigin Hormuz. Galibinsu ba wanda ke biyan su ko sisi. Sun gaji abin ne daga masu haɗa ƙananan jiragen roba na ado, waɗanda suka daɗe suna tambayar kansu yadda jirgi kaza zai kasance da ƙasa kaza ce ta saye shi. Kamfanonin wasannin ma sun taɓa shiga ciki da kansu. IL-2 Sturmovik: 1946, wanda ya fito a 2006, ya ɗauka cewa Yaƙin Duniya na Biyu bai ƙare a 1945 ba, ya fito da jiragen Jamus irin su Ta 183 da ba su taɓa wuce takardar zane ba.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka wannan shi ne aiki mafi sauƙi, tunda babu hoton asali da za a kama mutum da shi. A ganina akasin haka ne. Mai kwafar fentin jirgin da ya wanzu hoto yake bi, in ya kauce hoton zai dawo da shi. Mai ƙirƙirar fentin da bai taɓa wanzuwa ba kuwa, sai ya san dalilin kowane layi da kowane launi a rundunar da yake kwaikwaya, domin shi ne zai yanke hukuncin da hafsoshinta za su yanke da jirgin ya zo hannunsu. In bai sani ba, masana za su gane tun daga kallon farko.

Ga yadda aikin yake a hannu. Jirgin da ke cikin manhajar siffa ce mai tsawo da faɗi da kauri, amma fentinsa hoto ne shimfiɗaɗɗe. Masu ƙera shi sukan feɗe jikin jirgin su baza shi a fili kamar yadda majemi ke baza fatar rago: ga gefen dama, ga na hagu, ga saman fiffike, ga ƙarƙashinsa, ga jela can a wani lungu, wani sashen ma a kife. Wannan shimfiɗar ce mai zane ke buɗewa a Photoshop ko GIMP, sau da yawa mai faɗin ɗigo 4096 a kowane ɓangare. Hawa-hawa ake yin zanen. Can ƙasa launin jiki, a kansa tambari da lambobi, sama da su layukan da farantan ƙarfe suka haɗu da kawunan ƙusoshi, sannan a ƙarshe datti. Akwai kuma wani hoto na daban da ke gaya wa manhajar inda jiki ke sheƙi da inda ya dushe, da inda ƙarfe yake tsirara, kamar bakin bututun da wutar inji ke fita. In an gama a ajiye hotunan a tsarin DDS, a rubuta ɗan ƙaramin fayil mai suna description.lua da ke faɗin wane hoto zai hau wane sashe, da ƙasashen da za su iya amfani da fentin.

Wahalar tana wurin haɗin. Ratsin kore da ya taso daga fiffike dole ya tarar da ɗan'uwansa a jikin jirgi daidai wa daida, alhali a shimfiɗar suna nesa da juna, wataƙila ma girmansu ba ɗaya ba. Mai zane zai ja layi, ya ajiye, ya buɗe jirgin ya juya shi, ya ga layin ya kauce da ɗan yatsa, ya koma. Wasu sassan kuma hoto ɗaya ne dama da hagu ke rabawa, don haka duk rubutun da aka yi a kai zai fito daidai a gefe guda, ya fito a juye a ɗaya gefen.

Dattin nan da na ambata shi ke raba gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yakan watsa baƙi-baƙi ko'ina don jirgi ya yi kama da wanda ya sha yaƙi. Gwani ya san inda makanike ke taka ƙafa in zai hau, nan fenti ke goge. Ya san hayaƙin bindiga baya yake kwantawa bisa hanyar iska, mai kuma daga ƙarƙashi yake tsiyaya, rana kuma saman jirgi take kodar da launi ta bar cikinsa. Jirgin da ke kwana a filin hamada ba ya tsufa irin na wanda ke kwana a kan jirgin ruwa cikin iskar gishiri.

Launukan kansu lambobi gare su. Amurka ta yi shekaru tana amfani da kundin Federal Standard 595, Birtaniya na da BS 381C, sojan saman Jamus na zamanin yaƙi na da jerin RLM. Wanda zai yi wa jirgin Birtaniya na ƙage fenti bai isa ya ce toka-toka kawai ba, sai ya faɗi wace tokar, ta wace shekara.

Tambarin ma kowane canjinsa da dalili, kuma dalilin kusan kullum ɗaya ne: kada naka ya harbe ka. Faransa ce ta fara sa da'ira a jiragenta a 1912. Birtaniya ta fara da tutarta a 1914, sai aka ga daga ƙasa ana rikita gicciyen tutar da gicciyen Jamus, ta koma da'ira. Amurka ta cire jan ɗigon da ke tsakiyar tauraronta a 1942 saboda yana kama da jar ranar Japan. Ranar 6 ga Yunin 1944, da sojojin ƙawance suka sauka Nomandi, jiragensu na ɗauke da ratsin fari da baƙi a fiffike da jiki, uku fari biyu baƙi, da yawa an shafa su ne cikin gaggawa da burushi. Saboda haka wanda ya ƙago yaƙin da ba a yi ba, ya kamata ya fara tambayar kansa su wa ke gefe ɗaya, kuma tambarin wa zai rikice da na wa. Amsar ita ce za ta zana masa jirgin.

Misalin da na fi so shi ne na Niyu Zilan. Pakistan ta sayi F-16 guda 28, Amurka ta hana a ba ta su bayan takunkumin 1990 kan shirinta na nukiliya, aka jibge su a ma'ajiyar jirage ta hamadar Arizona. A ƙarshen shekarun 1990 Niyu Zilan ta amince ta karɓe su haya don maye gurbin tsofaffin jiragenta A-4 Skyhawk. Gwamnati ta canja, Firaminista Helen Clark ta soke yarjejeniyar a 2000, a 2001 kuma aka rushe sashen jiragen yaƙin ƙasar gaba ɗaya. Mai son zana F-16 na runduna ta 75 da ta kasance a sansanin Ohakea yana da tambayoyi a gabansa. Jiragen Skyhawk a shekarunsu na ƙarshe kore ne mai duhu tun daga hanci har jela. To za a kashe kuɗi a mayar da jiragen haya kore, ko za a bar su da tokar da suka zo da ita a manna tambari kawai? Ga kuma tsuntsun kiwi da ke tsakiyar tambarin, wanda a kowane gefen jirgi gaba yake fuskanta. Wanda ya manna hoto ɗaya a gefe biyu ba tare da ya juya shi ba, zai sami kiwi ɗaya yana kallon jela. Su kuwa jiragen na gaske, labarinsu ya fi ƙagen ban mamaki: an raba su tsakanin sojan ruwa da sojan saman Amurka, na sojan ruwan suka koma wasan abokan gaba a atisaye, da fenti mai kama da na ƙasashen da Amurka ke shirin fuskanta.

Akwai wani tarko da ke kama har gwanaye. F-16 ɗin da ke cikin DCS World samfurin Block 50 ne, wanda bai fito ba sai farkon shekarun 1990, ba irin wanda Iran ta yi oda a 1976 ba. Don haka mai sa masa haruffan IIAF na zamanin sarauta yana faɗin cewa sarautar ta ƙara shekaru fiye da goma. Mai sa masa IRIAF na Jamhuriyar Musulunci kuwa yana faɗin cewa Tehran da Washintan sun sasanta har ana sayar da makamai. Harafi ɗaya ne bambancin, amma tarihi biyu ne daban, kuma dole mai zane ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai har zuwa ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi da ke gefen kujerar cilla matuƙi.

Wannan ne ya sa nake ganin aikin darasi ne na siyasar cinikin makamai. Mu ɗauki Najeriya. Jiragen L-39 da ake koyar da matuƙa da su a Kano, da JF-17 guda uku da aka karɓo daga Pakistan a 2021, duka akwai samfurinsu a DCS World, don haka sa musu kore-fari-kore ba ƙage ba ne. Amma wanda ya ce zai zana jirgin yaƙin Amurka da tambarin Najeriya na ƙarshen shekarun 1960, sai ya fara warware dalilin da ya sa MiG-17 na Tarayyar Sobiyet ne suka iso a 1967, lokacin da Birtaniya da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin tarayya jiragen yaƙi. In bai san wannan ba, bai san abin da yake canjawa ba.

Tarihin gaske kuma cike yake da abubuwan da in mai zane ne ya ƙago su, da an ce ya wuce gona da iri. A 1966 wani matuƙin Iraƙi, Munir Redfa, ya tsere da MiG-21 zuwa Isra'ila, aka sa wa jirgin tambarinta da lamba 007. A 1991 jiragen Iraƙi sama da ɗari suka gudu Iran don tsira daga ruwan bama-bamai, Iran ta riƙe su, ta sa wasunsu irin su Mirage F1 da Su-24 cikin rundunarta. Turkiyya kuwa har bikin miƙa mata F-35 aka yi a Fort Worth a watan Yunin 2018, da tutarta a jela, matuƙanta na horo a Arizona, kafin a fitar da ita daga shirin a Yulin 2019 saboda ta sayi makaman S-400 na Rasha. Jiragen ba su bar Amurka ba.

Ba kowane ƙage ne nake maraba da shi ba. Kaso mai yawa na irin wannan zane ya karkata ne ga Jamus ta Hitila da ta ci yaƙi. Wasu sha'awar injiniyanci ce ke jan su, amma akwai waɗanda alamar gwamnatin ce ke burge su, kuma ana gane su ta yadda suke ƙawata ta. Dokar Jamus ta haramta nuna alamar Nazi in ban da ilimi ko fasaha, wasanni irin su War Thunder na kamfanin Gaijin ba sa sa ta a jelar jiragensu. Mai zanen da ya san mutanen da aka hallaka a ƙarƙashin alamar nan, har da fursunonin da aka tilasta wa aiki a masana'antun jirage, ba zai ɗauke ta kayan ado ba.

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne kyawun hoton kansa. Manhajojin sun kai inda ɗan gajeren bidiyo mai girgiza, in an rage masa haske, zai wuce a matsayin na fagen daga. A watan Fabrairun 2022 wani bidiyo ya zaga duniya yana nuna wai gwarzon matuƙin Yukren da ake kira Fatalwar Kiyef yana kakkaɓo jirgin Rasha. A DCS World aka haɗa shi, kuma wanda ya fara sakin sa ya rubuta hakan, masu yaɗawa ne suka yar da bayanin. Daga baya sojan saman Yukren ya amsa cewa Fatalwar tatsuniya ce. Kamfanin Bohemia Interactive, mai wasan Arma 3, sai da ya fitar da bayani a 2022 kan yadda za a bambance bidiyon wasansa da na yaƙin gaske, saboda yawan yadda ake yaudarar mutane da shi. Hoton jirgin zamani ɗauke da tambarin wata ƙasar Afirka zai iya yawo a WhatsApp da taken cewa gwamnati ta sayo sababbin jirage, alhali wani saurayi ne ya zana a ɗakinsa.

Masu zane na ƙwarai sukan rubuta a sunan fentin cewa na ƙage ne, wasu su ɗora alamar hakan a kan hoton kansa inda yanke shi zai yi wuya. Mai karɓar hoto a waya kuma yana da abin dubawa kafin ya tura gaba. Ya nemi lambar da ke jikin jirgin ya ga ko ta dace da tsarin lambobin ƙasar, ya duba ko akwai labarin cinikin daga rundunar da kanta ko daga kamfanin da ke ƙera jirgin, ya kuma lura ko akwai mutane a kusa da jirgin suna motsi irin na mutane. Cinikin jirgin yaƙi yakan ɗauki shekaru tsakanin sa hannu da saukar jirgin farko, kuma a tsakanin nan akwai kasafin kuɗi, da tura matuƙa da makanikai horo, a Amurka ma har da sanar da majalisa.