HUKUMAR TACE FIM BIYU CE A WUSE: TA OFIS DA TA TEBURIN MAI SHAYI

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Wuse, cikin birnin Abuja, bayan an idar da sallar lisha, ya san hira uku ce ba ta ƙarewa a wurin, watau ta farashin dala, da ta ƙwallon Turai, da ta fim. Hirar dala tana da masu ita, 'yan canjin Zone 4 ke nan. Hirar ƙwallo kuwa yawanci ta samari ce. Amma da an taɓo fim, to, kowa malami ne. Tela da direban tasi da mai gadi da ɗan dako, kowa yana da fim ɗin da ya kalla jiya ko shekaranjiya, kowa kuma ya riga ya yanke masa hukunci tun kafin shayinsa ya huce.

Mai wucewa zai ɗauka hirar kashe dare ce kurum. Alhali kuwa abin da ake faɗa a irin waɗannan tebura ya kai ga taɓa abincin mutane da dama a Kano da Kaduna da Jos, inda ake shirya finafinan.

GARIN BAƘI

Ga wanda bai san wurin ba, Wuse asalinta ƙauyen Gwarawa ne. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsai da shawarar gina sabon babban birnin tarayya cikin 1976, sai aka tashi mutanen ƙauyen aka kai su Sabon Wuse, cikin Jihar Neja. Ran 12 ga Disamba, 1991, gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a Abuja. Yau Wuse ta kasu Zone 1 zuwa Zone 7, ga kuma Wuse II, ga babbar kasuwarta wadda ba abin da mutum zai nema ya rasa.

Da yawa daga 'yan Arewa masu neman abinci a wannan unguwa ba a cikinta suke kwana ba. Da asuba suke tasowa daga Nyanya da Mararaba da Kubwa da Suleja, su koma da dare. Wasu kuma iyalinsu suna can Katsina ko Sakkwato ko Haɗeja, sai salla-salla ake ganawa. Watau dai zamansu bai bambanta da na ɗan'uwansu da ke Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ba. A cikin motar komawa gida, da lokacin da kasuwa ta yi sanyi, da daren da barci ya ƙi zuwa, waya ce abokiyar hira, fim kuwa shi ne abin da ke cikinta.

HUKUMAR OFIS

Abin sha'awa shi ne, a wannan unguwa ta Wuse II ne Hukumar Tace Finafinai ta Ƙasa, watau NFVCB, ta daɗe da kafa hedkwatarta. An kafa ta ne da dokar soja mai lamba 85 ta 1993. Aikinta shi ne ta duba fim kafin ya fita, ta sa masa alama. Alamar G tana nufin kowa na iya kallo. PG tana nufin yaro ya kalla tare da kulawar iyaye. Sai kuma alamun shekaru, kamar 12 da 15 da 18, waɗanda ke nuna wanda bai kai waɗannan shekaru ba, fim ɗin ba nasa ba ne. Jihar Kano ma tana da tata hukumar tun 2001.

To, amma fa hukumar ofis iyakarta ta ce wa ya halatta ya kalla. Ba ta cewa fim ya yi daɗi ko bai yi ba. Ba ta gaya wa mai gadi ko fim ɗin ya cancanci kuɗin datar da zai ƙona a kansa. Wannan aiki na hukuma ta biyu ne, wadda ba ta da ofis, ba ta da hatimi, ba ta kuma biyan kowa albashi.

MAKI BA DA ALƘALAMI BA

A ƙasashen Turai masu sharhin fim taurari suke bayarwa, daga ɗaya zuwa biyar. Mutanen teburin shayi ba ruwansu da tauraro, amma su ma awonsu hawa-hawa ne, kowa kuma ya san shi.

Na can ƙasa shi ne a ce fim “shirme ne”, ko a ce “asarar data”. Wanda aka yi wa wannan shaida ya mutu a teburin, ba mai sake tambayarsa. Na sama da shi kaɗan shi ne “a dai kalla”, watau in mutum ba shi da abin yi. Sai “ba laifi”, wanda a bakin Bahaushe yabo ne, amma na mai rowa. Sai “ya yi”, wanda in an ja shi aka ce “kai, ya yi fa”, to, sauran mutane za su fara laluben wayoyinsu. Na ƙoli kuwa shi ne a ce fim “ya yi ma'ana”. Fim yana iya ba da dariya, hotonsa ya fita tangaran, jarumarsa ta iya ado, amma in ba a ce ya yi ma'ana ba, bai kai ba.

Ma'anar nan kuwa ba wa'azi kaɗai ake nufi ba. Abin da ake nufi shi ne labarin ya tsaya da ƙafarsa, abin da ya faru a ƙarshe ya zama ɗan abin da aka shuka a farko, mugu ya girbi abin da ya shuka ba tare da an yi masa haɗarin mota na dole ba don kawai a rufe labari.

Akwai kuma wani awo wanda ya fi ƙarfi a wurin magidancin da iyalinsa ke nesa, watau ko fim ɗin ya kallu tare da yara. Mutum yana Wuse, ya san matarsa da 'ya'yansa suna can gida suna kallon shirin nan da yake kallo. In ya buga waya ran Juma'a, bayan gaisuwa da batun cefane, shirin ne abin hira. Saboda haka in ya ga abin da bai gamshe shi ba, ba datarsa kaɗai yake tunani ba, har da tarbiyyar gidansa.

ABIN DA AKE MUHAWARA A KAI

Finafinai masu dogon zango su suka fi cin hira. Kwana Casa'in, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa cikin 2019, ya sami karɓuwa a garin da siyasa ce sana'arsa. Labarin jihar Alfawa da gwamnanta Bawa Maikada na ƙage ne, amma ɗan canjin da ke ganin 'yan siyasa ido da ido yakan rantse ya san wanda ake nufi. Izzar So na Lawan Ahmad, wanda ya fito a YouTube cikin 2020, ana yaba masa don halin Umar Hashim, ana kuma yi masa ƙorafin tsawo. Labarina na Aminu Saira, shi ma na 2020, ya raba tebura biyu sa'ad da Nafisa Abdullahi ta bar shirin cikin 2022 aka ba wata matsayin Sumayya. Wasu suka ce labari ne jarumi, ba fuska ba. Wasu suka ce an canja musu mutum da tsakar rana.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne jan labari. Masu kallo sun gane cewa abin da za a gama cikin sati huɗu akan ja shi wata huɗu. A gaisa minti biyar, a shiga mota a nuna tafiyarta tun daga ƙofar gida har ofis, a maimaita abin da aka nuna makon jiya. Wanda ya sayi data da guminsa ba ya yafe wannan.

Finafinan Indiya da aka juya zuwa Hausa, musamman fassarar Algaita, suna da nasu masoya. A nan akan ba da maki biyu, ɗaya na fim ɗin, ɗaya na mai fassara, don sau da yawa barkwancin mai fassara ne ke ceton fim ɗin da ba shi da kai. Finafinan kudancin Indiya irin su Baahubali na 2015 da KGF na 2018 sun yi tashe ƙwarai, ko da yake dattawa suna cewa duka ya yi yawa, akta ɗaya ya watsa mutum hamsin rigarsa ko ƙura ba ta yi ba.

Gidajen silima na zamani, kamar Silverbird da ke tsakiyar birni kusa da Wuse, sun fi ƙarfin aljihun yawancin mutanen teburin. Duk da haka labarinsu yana isowa. Sa'ad da A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya zama fim ɗin Nijeriya na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a silima, a farkon 2024, an yi ta zancensa saboda Uzee Usman ya fito a ciki. Haka kuma da aka zaɓi Mai Martaba cikin 2024 don ya wakilci Nijeriya a gasar Oscar ta Amurka, an yi murna, ko da yake bai kai zagayen ƙarshe ba.

GADO NE

Wannan ɗabi'a ba yau aka fara ta ba. Dattawan da suka yi zamanin Plaza da Orion da Marhaba a Kano, ko Pen Cinema a Agege, sun tuna yadda akan fito daga silima ana gardama har gida, kan kaboyi da Canis da Indiya. Mother India na 1957 da Sholay na 1975 sun shekara da shekaru ana maimaita su, ba don talla ba, sai don baki ya yaba. Masu kallo ne suka raɗa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi, suka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Ba wata hukuma da ta ba da waɗannan lambobin girma.

Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kunno kai da Turmin Danya cikin 1990, har aka zo kan Sangaya da Wasila, hirar ta koma shagunan haya na kaset. Mujallar Tauraruwa da mujallar Fim, wadda ta fara fitowa cikin 1999, suka ɗauki wannan hira suka sa ta a takarda.

INDA ABIN YA ZAMA BABBA

Abin da ya sauya shi ne hanyar kuɗi. A da, mai fim yakan kai kayansa wurin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, a buga kaset ko faifai a sayar. Satar fasaha da tura fim a waya sun karya wannan kasuwa. Yanzu yawancin masu shiri sun dogara ne ga tashoshin talbijin da YouTube, inda kuɗin talla ke bin yawan masu kallo. Ba a ganin fosta a bango kamar da. Abin da ke kai mutum ga fim shi ne wani ya ce masa “ya yi”. Hatta mai tura finafinai a waya a bakin kasuwa, tambayar da aka fi yi masa ita ce wanne ne mai kyau, shi kuwa abin da ya ji a bakin mutane shi yake faɗa.

Ashe ke nan kalma ɗaya a teburin shayi tana iya ƙara wa fim masu kallo, tana kuma iya rage masa. A bayan kowane fim kuwa akwai marubuci da mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti da mai kwalliya da direba da mai dafa wa ma'aikata abinci, kowa da bakunan da yake ciyarwa.

Nan ne hukumar teburin shayi take da nata aibin. Hukumar ofis, kome za a ce da ita, sai ta kalli fim take yanke hukunci. Ko a watan Mayu na 2025, sa'ad da hukumar Kano ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, dalilin da ta bayar shi ne ba a kawo mata su ta duba ba kafin a sake su. A teburin shayi kuwa, sau da yawa wanda ya fi kowa ɗaga murya bai kalli fim ɗin ba. Guntun minti ɗaya ya gani a waya, ko kuwa jarumin ne ba ya ƙauna, ko ya ji wani ya ce wani ya ce. Wani ma yakan yi wa 'yan fim kuɗin goro ya ce duk 'yan iska ne, sa'an nan ya koma ɗaki ya rufe ƙofa ya kalli kashi na gaba.

Masu hankali a cikin majalisar sun san maganin wannan. Da mutum ya fara zuba, sai a tambaye shi ko ya kalla har ƙarshe. In ya ce a'a, sai a ce ya sha shayinsa tukuna. Hausawa sun ce gani ya kori ji, shaida kuwa ba ta halatta sai ga wanda ya gani.

Saboda haka ɗan Arewa da ke Ikko ko Badun ko Shagamu ko Fatakwal, wanda shi ma yake da teburinsa da majalisarsa, ya sani kujerar alƙali yake kai duk sa'ad da aka tambaye shi yaya fim ɗin jiya. In shirme ne ya faɗa ba tsoro, don masu shiri su daina raina hankalin jama'a. In kuwa ya yi ma'ana, kada rowar yabo ta sa ya tsaya a “ba laifi”. Allah Ya ba kowa ikon faɗin abin da idonsa ya gani, amin.