Karyayyar Wuƙa Tsakanin Sikelin Ɗan Gwangwan da Hannun Maƙeri

Idan wuƙar girki ta karye a gida, ɗayan biyu ne makomarta. Ko ta faɗa buhun ɗan jari-bola a auna ta da kilo tare da gwangwanaye da guntayen rodi, ko kuma ta isa hannun maƙeri ko mai wasa wuƙa a rage mata tsawo, a fitar mata da sabon tsini, a sa mata ƙota, ta koma madafa ta ci gaba da aiki. Tsadar rayuwa ta sa mutane da dama sun dawo ga gyaran, har ma akwai masu yin sa a gida da magagari da dutsen wasa. Wannan dawowa abin maraba ce, domin guntun ruwan wuƙa ya fi daraja a matsayin wuƙa fiye da a matsayin kilo. Sai dai amfaninta ya rataya ne a kan sanin halin ƙarfe a gaban zafi, kuma wannan sanin shi ne yake ƙaranci a daidai lokacin da masu gyaran suke ƙaruwa.

Sarrafa tsohon ƙarfe ba baƙon abu ba ne ga maƙeran ƙasar Hausa. A da can daga tama ake fitar da ƙarfe, kuma tarihin baka na Kano kansa yana danganta kafuwar birnin da Abagayawa, maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama a gindin Dala. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai ƙarfen Turai da tarkacen injuna suka fara kwararowa da arhar da mai narka tama ba zai iya gogayya da ita ba, har narkar tama ta mutu a hankali. Ƙira kuwa ba ta mutu ba, abincinta kawai ta sauya: sifirin ɗin mota, tsohon magagari, ruwan zarto, karyayyar adda. Littafin da Philip Jaggar ya wallafa a 1994 kan maƙeran birnin Kano ya bibiyi irin wannan sauyi a ƙarni na 20. An so masana'antu su cike giɓin da mutuwar narkar tama ta bari, shi ya sa aka kafa kamfanin Ajaokuta a 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, amma har yau babban murhun narkarsa bai fara aiki ba. Masana'antun da ke narka tarkace a yanzu galibi rodin gini suke fitarwa. Ke nan ƙarfe mai riƙe kaifi, wanda wuƙa take buƙata, kusan dukkansa daga waje yake shigowa, ko dai sabo ko kuma a jikin wani abin da ya riga ya tsufa.

A kan wannan tsohon rauni faɗuwar naira ta sauka. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a wajen naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wuƙar Sin da ake saye ba tare da dogon tunani ba, a jefar idan ta karye, ta zama abin lissafi ga uwargida, balle mahauci da mai suya da mai tuwo-tuwo waɗanda wuƙa ce jarinsu. Gabanin Babbar Sallah abin ya fi fitowa fili, lokacin da kowane gida yake neman wuƙar yanka da ta fiɗa a mako guda. Wani dalilin kuma shi ne yaɗuwar injin giranda a shagunan 'yan walda, domin aikin da a da sai an yini ana goga shi da magagari yanzu mintuna kaɗan ne.

Darajar guntun wuƙa tana cikin abin da aka riga aka yi masa a masana'anta. Ƙarfe ba ya riƙe kaifi sai yana da isasshen sinadarin kabon kuma an taurara shi: a gasa shi ya yi ja, a tsoma shi a mai ko ruwa ya huce farat ɗaya, sannan a sake ɗumama shi a wajen digiri 200 don kada ya zama mai saurin tsagewa. Rodi ba shi da kabon mai yawa, shi ya sa wuƙar rodi, kome kyan ƙirarta, take dakushewa tun ba a gama fiɗar rago ɗaya ba. Sifirin ɗin mota yana da kabon kimanin kashi 0.6 cikin ɗari, magagari kuwa ya kai kashi 1 ko fiye, kuma maƙera sun daɗe da gane wannan bambanci ta hanyar ƙarar ƙarfen da tartsatsinsa ba tare da sun auna ba. Ruwan wuƙar kanti ya riga ya bi duk matakan taurarawa a tanderun da ake iya daidaita zafinsa. Wuƙa kuma yawanci a wuri biyu take karyewa, a tsini saboda ana ɓamɓare murfin gwangwani ko ƙanƙararren nama da ita, ko kuma a mahaɗar ruwa da ƙota inda ƙarfen ya fi siranta. Abin da ke tsakanin nan lafiyarsa lau. Wanda ya kai shi narka ya zubar da aikin taurarawar gaba ɗaya, a ƙarshe a sami rodi daga ƙarfen da ya fi rodi tsada nesa ba kusa ba.

Matsalar ita ce giranda tana iya rushe wannan aiki cikin daƙiƙoƙi. Bakin wuƙa siriri ne, yana ɗaukar zafi nan take. Da zarar ya fara sauya launi daga ruwan ƙasa-ƙasa zuwa shuɗi, zafin ya doshi digiri 300, taurin wurin ya ragu, kuma wasa ba ya dawo da shi. Mai saye zai ga wuƙa tana walƙiya, tana aske gashin hannu, bayan kwana biyu ta lanƙwashe a kan ƙashin kaza. Maganin ba wuya gare shi ba: a riƙa goga kaɗan-kaɗan ana tsomawa a ruwa, a ƙarasa bakin da dutse. Amma wanda ake biya kuɗi kaɗan a kan kowace wuƙa sauri yake yi. Kuskure na biyu ya fi shafar maƙeran gargajiya. Yawancin wuƙaƙen girki na yanzu ƙarfe ne marar tsatsa, mai kuromiyom wajen kashi 13 cikin ɗari, kuma ba ya taurara yadda ya kamata sai zafi ya haura digiri 1,000, alhali baƙin ƙarfe a wajen 800 yake karɓa. Maƙerin da ya saba karanta zafi daga jan ƙarfe a wutar gawayi, idan ya bi da farar wuƙa yadda yake bi da sifirin, zai ɓata ta. Irin wannan ruwan gugarsa ake yi a sanyi, ba a kai shi gaban zugazugi ba.

Masu ganin aikin ɓata lokaci ne suna da hujja, kuma ba a raina ta. Suna cewa wuƙar da ta karye sau ɗaya ta riga ta nuna halinta, kuma mafi yawan masu arha tun asali ƙarfensu bai taka kara ya karya ba. Gaskiya ne ba kowane guntu ya cancanci gyara ba. Wanda ke lanƙwasuwa da hannu bai dawo ba, ko wanda tsaga ta ratsa cikinsa, wurin ɗan gwangwan ya dace da shi, domin wuƙa mai ɓoyayyar tsaga idan ta ɓalle ana tsakiyar aiki ido ko yatsa take nema. Amma gwajin ba ya cin ko sisi: a goga magagari a jiki, idan ya zame bai ci ba ƙarfen mai tauri ne. Hujjar tasu tana kira ne ga tantancewa, ba ta kai ga a yi watsi da gyaran ba. A ɓangaren tsabta ma, karyayyar wuƙar girki ta fi tarkacen da ba a san asalinsa ba, domin tun farko don taɓa abinci aka yi ta, ba kamar ƙarfe mai fenti ko mai rufin tutiya ba. Inda ake yin sakaci shi ne ƙota. Idan an bar rata tsakanin ice da ƙarfe, ko aka naɗe da robar tayar keke, jini da kitse suna maƙalewa su ruɓe a ciki.

Suka mafi nauyi ita ce ta tsaro. Duk wanda ya san abin da daba da ƙwacen waya suka yi wa unguwannin Kano, ya kuma ga tulin wuƙaƙen da 'yan sanda suke baje wa manema labarai, ba zai ji daɗin jin ana sauƙaƙa ƙera wuƙa ba. Damuwar tana kan hanya, kuma maƙerin da ya san abin da ake nufi da makami ya ƙera shi yana da kaso a cikin alhakin jinin da aka zubar. Sai dai gyaran karyayyar wuƙar girki gajarta ta yake yi, abin da ke fitowa 'yar wuƙar feraye ce ko ta yanka kuɓewa, ba doguwar wuƙa mai baki biyu ba. Hana sana'ar baki ɗaya zai kori masu gaskiya ne daga kasuwa, ya bar masu ƙera makami a lungu inda ba mai ganinsu. Tsarin Sarkin Maƙera yana nan a masarautu, kuma 'yan sana'a sun fi kowa sanin wanda yake ƙera me, don haka ta hannunsu ya fi dacewa a bi wajen sa ido.

Abin da zai iya kashe wannan gyara ba doka ba ce, cinikin tarkace ne. Buƙatar masana'antun narka ta sa ɗan jari-bola yana riga maƙeri zuwa ƙofar gida, kuma sikeli ba ya bambanta ruwan wuƙa da murfin tukunya. Cinikin ya yi ƙarfin da har gwamnatin Borno ta haramta shi a Yulin 2023 saboda satar kayan gwamnati da kashe-kashen masu shiga daji tonon ƙarfe. A manyan kasuwannin tarkace irin su Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, ware ƙarfe mai tauri, wato magagari da zarto da sifirin da ruwan wuƙa, a sayar wa maƙera da farashinsa daban zai ƙara wa dillali riba, ya kuma wadata maƙeri da kayan aiki. Cibiyoyin koyar da sana'a da jihohi suke buɗewa suna koyar da walda da ɗinki, kuma darasin tantance ƙarfe da kiyaye zafinsa ba zai ci musu fiye da 'yan kwanaki ba. Tsofaffin maƙeran baƙin ƙarfe da suka san halin sifirin da magagari suna nan da ransu a unguwannin maƙera, su ya kamata a ɗauko su koyar tare da malaman kwalejojin fasaha waɗanda suka san ƙarfe marar tsatsa.