Me Ya Sa Birki Ke Ɗaukar Zafi a Gangare?

Duk direban tirela da ya taɓa sauko da kaya daga Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga, ya san ƙaurin da birki ke yi. Wani lokaci har hayaƙi ke tashi daga gindin taya, alhali babu wanda ya kunna wuta.

Guga ce ke jawo haka. Ƙarfe komai santsinsa a ido, fuskarsa cike take da ƙananan tudu da kwari. Idan abu biyu suka gogi juna, sai tuddan su riƙa sarƙewa suna ɓallewa, ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙarfen su shiga karkarwa da sauri. Wannan karkarwar ita ce zafi. Ƙarfin gudun mota ba ya ɓacewa don an taka birki, rikiɗa yake ya koma zafi. In ya yi yawa birkin ya daina kamawa, shi ya sa gogaggen direba ke sauka da giya ta ɗaya ko ta biyu, kuma abin takaici ne a ce har yanzu wasu na sakaci da wannan.

A 1798 wani masanin kimiyya mai suna Benjamin Thompson ya tabbatar da lamarin a birnin Munich na Jamus. Ya sa dawakai suna juya bakin igwa da aka nutsar a ruwa, wani dakusasshen ƙarfe na gugar cikinsa, cikin awa biyu da rabi ruwan ya tafasa.

Dalilin ke nan da gari ke fitowa da ɗumi daga injin niƙa, makanikai kuma ke nacewa a canja baƙin mai kafin inji ya buga.