Dorugu: Yaron Damagaram Da Ya Ƙetare Hamada Da Teku, Ya Dawo Ya Rasu A Kano

A cikin watan Yuli na shekarar 1965 wani yaro Ba'amurke mai suna Robin Lee Graham, ɗan shekara 16, ya tashi daga gaɓar Kalifoniya shi kaɗai cikin wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, da niyyar ya kewaye duniya. Bai kammala ba sai ran 30 ga Afrilu, 1970. Mujallu suka yi ta buga hotunansa, aka rubuta littafi, aka yi sinima a kan tafiyar. Amma da ƙura ta lafa, sai ya bar jami'ar da ta ba shi gurbin karatu, ya ɗauki matarsa suka koma dajin Jihar Montana, ya kama sana'ar gini da kafinta. A shekarar 2012 kuma wata yarinya 'yar Holan, Laura Dekker, ita ma ta gama irin wannan kewaye tana da shekara 16.

Mai karatu zai ce wannan sha'anin Turawa ne. To, Hausawa ma suna da nasu yaron, wanda ya riga waɗannan da fiye da shekara ɗari. Gaskiya ne shi bai tuƙa jirgi da hannunsa ba, amma ya yi tafiyar babu uwa, babu uba, babu dangi, ya kuwa shiga birnin Landan yana sa'an Graham a ranar da ya tashi. Sunansa Dorugu.

Daga bauta zuwa Tambutu

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a ƙauyen Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar. Yana ƙaramin yaro mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya faɗa Kukawa, babban birnin Barno a zamanin. A can ne ya gamu da wani Bajamushe, Adolf Overweg, ɗaya daga cikin Turawan da gwamnatin Ingila ta aiko su binciki ƙasashen Sudan. Wannan Bature ne ya kewaya Tafkin Chadi a 1851 cikin jirgin da aka ɗauko guntu-guntu bisa raƙuma tun daga Tarabulus. Shi ya fanshi Dorugu ya 'yanta shi, tare da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega.

Overweg ya rasu a bakin tafkin cikin Satumba 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da sunan Abdulkarim. Da shi suka bi ta Damagaram, da Katsina, da Wurno inda Sarkin Musulmi Aliyu Babba yake zaune, da Sakkwato, da Gwandu, suka haye Kwara a Sayi, suka isa Tambutu cikin Satumba 1853. Sun yi watanni a can cikin hatsari, ba don Shaihu Ahmad Albakka'i ya tsaya musu ba da wuya su fito da rai. Daga nan suka juyo ta Kano zuwa Kukawa, sa'an nan a 1855 suka tsunduma cikin Sahara ta hanyar Bilma da Murzuk, suka ɓulla Tarabulus a ƙarshen Agusta.

A nan ne yaron da aka haifa a ƙasar gero da rijiya ya shiga jirgin ruwa. Suka ratsa Bahar Rum ta tsibirin Malta zuwa Marsai a Faransa, suka bi ta Paris, suka sauka Landan a farkon Satumba 1855. Barth ya kuma kai su Hambug, garin iyayensa a Jamus.

Bakin da aka rubuta Hausa daga gare shi

Niyyar Barth ita ce ya mayar da yaran gida. Amma akwai wani limamin mishan, James Frederick Schön, wanda ya shigo Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, tun lokacin kuwa yake fama da nazarin Hausa ba shi da Bahaushe a kusa. Da ya ji labarinsu sai ya nemi su zauna gidansa. Wannan ya jawo ɓacin rai tsakaninsa da Barth, amma yaran suka zauna, aka yi musu baftisma, Dorugu ya sami sunan James Henry. Abbega ya koma gida a 1857, Dorugu kuwa sai da ya yi shekara takwas da wani abu a Ingila.

A cikin waɗannan shekaru Schön yakan zaunar da yaron, shi yana faɗi, Baturen yana rubutawa da baƙaƙen boko: tatsuniyoyi, da karin magana, da labarin rayuwarsa tun daga Dambanas. Da wannan taimako Schön ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, wanda a cikinsa ne labarin Dorugu yake. Masana suna lissafa shi cikin labaran rayuwa na farko-farko da aka rubuta da Hausar boko.

Abin da ya ƙara wa labarin daraja shi ne, Turawa sun saba su zo su dube mu su rubuta, a nan kuwa Bahaushe ne ya je ya dube su. Ya bayyana yadda suke liyafar cin abinci, yadda kowane namiji yakan riƙo mace ya rako ta teburi, da irin tarin ka'idojin da suke bi kafin loma ta kai baki, duk da idon yaro mai lura wanda abin yake ba shi mamaki, wani lokaci har da dariya.

Bayan dawowa

Dorugu ya dawo ƙasar nan a 1864. Babu wanda ya tarye shi da kaɗe-kaɗe. Abin da ya dawo da shi shi ne Turanci da iya karatu da rubutu, da su kuwa ya ci abinci, yana yi wa Turawa tafinta shekara da shekaru. Da tsufa ya zo masa sai ga shi a Nasarawa ta Kano, yana koyarwa a makarantar da Hans Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909. A can Allah ya yi masa rasuwa a 1912.

Idan aka duba rabon da kowa ya samu, akwai abin tunani. Barth ya fitar da littafinsa mai juzu'i biyar, sunansa ya cika Turai. Schön ya sami lambar girma ta Volney daga Faransa a 1877 saboda aikinsa kan Hausa, Jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1884. Abbega ya zama Sarkin Lakwaja, jikansa Maimaina ya zama Sarkin Askira. Gidan Ɗan Hausa yana nan a Kano ana ziyartarsa. Dorugu kuwa, wanda daga bakinsa aka kwashi kalmomin, a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman sun fassara labarinsa zuwa Turanci sun buga, har yau kuma kaɗan ne cikin Hausawa suka taɓa jin sunansa.

Hanyar tana nan

Wannan labari ya shafi samarinmu na yau, musamman 'yan ci-rani da ke zaune a unguwannin Hausawa na Ikko, irin su Agege da Idi-Araba da Obalende, waɗanda suke ganin manyan jirage suna shiga Apapa suna fita, zuciya tana raya musu cewa arziki yana can ƙetare. A watan Nuwamba 2022 an tsinci 'yan Nijeriya uku a tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, bayan sun kwana 11 zaune bisa ƙarfen da ke juya akalar wani jirgin dakon mai da ya taso daga Ikko. Hamadar da Dorugu ya ratsa zuwa Libiya ma har yanzu matasa suna bin ta, da yawa kuwa ba su kai ba.

Dorugu ya je, ya gani, ya dawo, kuma abin da ya riƙe shi shekara 48 bayan dawowarsa ilmin da ya samo ne. Ya kamata hukumomin ilmi da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su sake buga labarinsa da Hausar da ya faɗe shi, cikin rubutun zamani, a sa shi a makarantu, don yaran Agege da na Kance su karanta abin da ɗan'uwansu ya gani da idonsa.