Izinin buɗe makarantar renon yara a Karofane

Dokar ilimi ta Nijar, mai lamba 98-12 ta 1 ga Yuni 1998, ta sa renon ƙananan yara cikin ilimin tushe, don haka mai son buɗe irin wannan makaranta a Karofane, cikin gundumar Bouza, sai da izinin hukuma. Amfanin takardar izinin yana ga abin da mai dubawa zai ƙirga: yara nawa ke hannun mace guda. Mai reno ɗaya da ɗaki cike da ƴan shekara uku, in ta juya ta wanke wa ɗaya, wani ya kai bakin rijiya. Sai abinci. Biskit da madarar gari da ke shigowa daga Najeriya ta Konni rubutunsu Turanci ne, da lambar hukumar NAFDAC, na Yamai kuma Faransanci. Dole a samu mai karanta ranar lalacewarsu.

Za a ce ƙauye ba shi da kuɗin wannan duka, kuma in an rufe makarantar da ba ta cika sharuɗɗa ba, yayye mata ne za su bar aji su koma goyo. Gaskiya ne. Shi ya sa ya fi kyau a ba da wa'adin gyara kafin rufewa. Rage yara a ɗaki yana cin kuɗi, amma duba kwanan wata a jikin gwangwani ko dala ba ya ci.