Tsohuwar Takarda Da Ta Tayar Da Ƙura A Jafan

Duk wanda ya shiga kasuwar Lafiya, ko ya leƙa ƙauye irin su Arikya, zai ga rediyo da wayar hannu sun zama abokan zaman manomi da ɗan kasuwa. A cikin kowace irin wannan na'ura akwai 'yar mitsitsiyar ƙwaya ta silikon, wadda aka cusa wa ɗimbin tiransista wuri guda. Ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, kuma an daɗe ana tafka shari'a a kan wanda ya ƙago ta.

A 1958 wani injiniya na kamfanin Texas Instruments a Amurka, Jack Kilby, ya gwada irin wannan ƙwaya ta farko. Ya nemi takardar haƙƙin ƙirƙira a Fabrairu 1959, watau takardar da ke hana kowa ƙera abin sai da izininsa. Bayan wata biyar Robert Noyce na kamfanin Fairchild ya kai tasa. Kamfanonin biyu suka yi ta ja-in-ja, har suka daidaita a 1966 cewa kowa ya yi aiki da fasahar ɗan'uwansa.

Amma babbar rigima tana Jafan. Texas Instruments ya nemi takarda a can tun 1960, ba a ba shi ba sai 1989, bayan shekara 29. Kafin nan Jafan ta zama uwa ma ba da mama a wannan sana'a. Sai kamfanin ya ce duk mai ƙera ƙwayar ya biya shi ladan fasaha har zuwa 2001. Manyan kamfanoni da dama suka biya. Fujitsu ya ce faufau, ya garzaya kotu a 1991.

Fujitsu ya yi nasara a kotun Tokyo a 1994, ya sake yi a kotun ɗaukaka ƙara a 1997. Ran 11 ga Afrilu 2000 Kotun Ƙoli ta rufe magana. An gano cewa abin da takardar ta ƙunsa daidai yake da na wata buƙata ta baya, wadda hukuma ta riga ta ƙi. Kotun ta yanke cewa takardar da rashin ingancinta ya fito fili ba a tilasta wa kowa biya da ita. A wannan shekarar ce kuma aka ba Kilby kyautar Nobel. Ashe girman mai ƙirƙira daban, ingancin takarda daban.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Dokar Nijeriya ta 1970 tana ba da takardar shekara 20, amma magatakarda ba ya binciken ko abin sabo ne. Cikar takardu kawai yake dubawa, kuma dokar ta ce babu lamunin inganci. Babbar Kotun Tarayya ce ke warware gardama in ta taso.

Saboda haka maƙeri ko mai masana'anta da aka aiko wa wasiƙar barazana, kada ya yi saurin kwance lalita. Ya fara tambayar ranar da aka nemi takardar, da abin da ta ƙunsa, da ko an yi mata rajista a nan ƙasar. Kuɗin da aka biya ba bisa haƙƙi ba, a kan mai sayen kaya yake ƙarewa.