Daga ina rairayin Fulatari ya fito?

Wanda ya tashi daga Difa ya nufi Fulatari, tuddan rairayi yake gani hagu da dama. Tsakaninsu akwai kwari masu goriba da kanwa. Waɗannan tuddai suna da tarihi.

Shekaru wajen 20.000 da suka wuce, duniya ta yi sanyi ƙwarai. Ƙanƙara ta rufe arewacin Turai da manyan duwatsunta. Tana gangarowa sannu-sannu, tana niƙa dutse, tana tura tsakuwa gabanta. Da ta narke, sai ta bar tarin duwatsu da laka a gindin tsaunuka. Har yau suna nan.

A ƙasar Manga ƙanƙara ba ta sauka ba. Fari ne ya zo. Ruwan sama ya yi ƙaranci. Tafkin Cadi ya ƙafe. Ciyawa ta mutu. Iskar arewa maso gabas ta kwaso rairayi, ta tara shi tudu-tudu. Abin da zamanin sanyi ya bar wa Manga ke nan.

Daga baya damina ta dawo da ƙarfi. Shekaru wajen 7.000 da suka wuce, faɗin tafkin Cadi ya fi kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar Nijar. A 1987 an gano wani kwalekwale a Dufuna, kusa da Kumadugu Gana, cikin Nijeriya. Ya kai shekara 8.000. A wannan zamani na ruwa ciyawa da itatuwa suka rufe tuddai. Saiwoyinsu suka ɗaure rairayi, ya kwanta.

Amma barci yake yi, bai mutu ba. Farin 1973 da na 1984 sun kashe ciyawa. Sara da yawan kiwo wuri guda sun ƙara. Tuddai da dama suka farka a yankin Maine-Sorowa da Gudumariya, suna binne gonaki da kwari.

Akwai magani. A kafa shinge da kaba ko ƙirare, a tare iska. A shuka itatuwa da damina. A hana dabbobi shiga har ciyawa ta kama.

Manoma da makiyaya, a tattauna wannan a ajin yaƙi da jahilci. Wane tudu ne ya fi matso rijiyar gari? Da shi za a fara.